Tsibirin da Muka Hango Muka Juyo

Ina cikin wani shago a Shiling, kasuwar jakunkuna ta Guangzhou a ƙasar Sin, hannuna a cikin jakar mata ina laluben ɗinkin ciki, sai ga wayar yayana daga Kano. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce wani yaro ya turo magabatansa neman auren 'yarsa ta fari, yaron kuma a nan Guangzhou yake zaune, mutumin Damagaram ne, an ce matuƙin jirgin sama ne. Ya ce, "Kai ne idona a can. Ka bincika min shi. Abin da ka ce shi zan yi."

Na ce to, Yaya. Amma tun kafin in mayar da wayar aljihu raina ya ɓaci. Yarinyar nan a hannuna ta yi karatun harhaɗa magunguna a garin nan. Ni nake kai mata shinkafa da yaji makaranta, ni nake tsaya mata duk inda ake neman uba, kuma har ta gama ta koma gida ban taɓa jin ko tarin wannan yaron ba. Sannan ga maganar nan ta matuƙin jirgi. Na daɗe a garin nan. Na ga ɗan dako a kasuwar Baima wanda a gida manajan kamfani ake ce masa, na ga wanda yake jingina da motar wani ya ɗauki hoto ya tura wa surukai. Nisan da ke tsakanin nan da gida yana ƙara wa mutane muƙami ba tare da sun yi komai ba.

Sana'ata ce ta mayar da ni haka, kuma ba na jin kunyar faɗa. Duk wanda ya taɓa zaɓar samfur mai kyau a Shiling, ya je ya buɗe kwantena a Kano ya tarar da wani abu daban, ba ya sake yarda da abin da aka ɗora a saman tebur. Ni jaka ma juya ta nake yi in duba cikinta, balle mutum mai neman 'yarmu.

Na fara da masallaci, na bi ta gidan abincin 'yan Nijar, na tambayi ɗalibai biyu da suka san shi tun yana jami'a. Kowa yabonsa yake yi, wai ba ya fashin jam'i, ba ya shiga sabgar kowa. Wannan bai kwantar min da hankali ba ko kaɗan. In na ji baki ya zo ɗaya haka, abin da nake fara tunani shi ne wani ya riga ni zagayawa. Abu ɗaya na samo mai amfani: ba kamfanin jiragen da yake yi wa tuƙi. Bakanike ne, injin ƙananan jirage yake gyarawa a wani wuri bayan gari.

Na aika aka kira min shi shan shayi a unguwar Shahe. Ya zo, dogo ne siriri, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya zauna a gefen kujera kamar wanda ba a gama ba shi izinin zama ba. Ban yi masa kwana-kwana ba.

Na ce, "An ce kai matuƙin jirgi ne."

Ya ce, "Alhaji, ban taɓa ce wa kowa ina tuƙa babban jirgi ba. Gyara nake yi. Ƙarami nake tuƙawa ranar hutu, na koya a kulob ɗin masu ƙananan jirage da muke yi wa aiki. Ina da permi."

Permi lasisi ne a Hausarsu mai gauraye da Faransanci. Ya kai hannu aljihu zai ciro, na ɗaga masa hannu. Takarda ba ta taɓa burge ni ba, na san yadda injin bugawa yake aiki.

Na ce, "Bar ta. Jirgin nake son gani, kana ciki, ina ciki."

Ya ce akwai wani tsibiri a cikin teku, kudu da mu, mai ɗan gajeren titin sauka. In na yarda, ranar Asabar sai mu je can mu yi azahar mu dawo. Amma sai na ba shi hoton fasfona tun yanzu, don ba a tashi sai an nemi izini tun kafin ranar, an faɗi wa zai shiga, ta ina za a bi, yaushe za a dawo. Na ba shi, na kuma kwana ina tunanin abubuwan da mutum zai iya yi da hoton fasfon wani.

Ranar Asabar da sassafe ya ɗauke ni a wata tsohuwar mota ta wurin aikinsu. Muka bar dogayen gine-gine, muka shiga cikin gonakin ayaba da kududdufan kifi, har muka iso wani fili mai shinge. Titi ɗaya ne a ciki, da rumfar kwano babba, da wani ƙyalle mai kama da hannun riga a saman sanda yana nuna inda iska ta dosa. Jirgin da ya nuna min bai kai motar haya girma ba. Na buga jikinsa da yatsa kamar yadda nake buga akwati in zan saya, ya yi ƙarar gwangwani. 

Abin da suka fara yi shi ne ɗora ni a kan sikeli. Ni, da furfurata, a kan sikelin da ake auna kaya. Na ce masa, "Da kilo ake sayar da surukai a garinku?" Ya sunkuyar da kai ya ce dole ne, jirgin ƙarami ne, sai an san nauyin kowa da na komai don a san inda zai zauna. Ya auna kansa, ya auna wata kula mai ruwan shuɗi da ya sauko da ita daga mota, ya cusa ta can bayan kujeru ba tare da ya ce komai a kanta ba. Ya roƙe ni in cire babbar rigata in naɗe, saboda iskar farfela.

Daga nan ya shiga zagaya jirgin, yana taɓa nan, yana girgiza can. Ya tsiyayi mai a ɗan ƙaramin kofi daga ƙarƙashin fiffike, ya ɗaga wa rana yana dubawa, wai ko ruwa ya shiga. Na tsaya ina kallo da hannu a baya. Na san irin wannan. A Shiling ma in mai shago yana son ka yarda fata ce ta gaske, ashana yake ƙyastawa ya kara a jikin jakar a gabanka, kuma kullum jakar da ya tanada don ƙonawa daban take.

Sai ga wani dattijon Basine ya fito daga rumfar, da gorar shayinsa ta gilashi a hannu, ya ce min nihaw, gaisuwarsu, ya buɗe ƙofar dama ya shige gaba ya zauna.

Na ce, "Wannan fa?"

Yaron ya ce malaminsa ne, kuma dokar kulob ɗin ce, baƙon ƙasa ba ya ɗaukar fasinja ya ƙetara ruwa sai da ɗaya daga cikinsu a gefe. Na leƙa na ga sitiyari biyu ne a gaba, abin takawa ma biyu-biyu, irin na motar koyon tuƙi. Na ce a raina, yawwa, ga ɗinkin cikin ya fara fitowa. Wato tsoho zai yi tuƙi, yaro ya riƙe nasa sitiyarin yana murzawa, ni kuma ina baya ina tafi. Na zauna a bayan tsohon ta yadda zan riƙa hango hannayensa da gwiwoyinsa, na ƙudurta ba zan ɗauke ido daga kansu ba.

Na ɗauke, amma sau ɗaya, lokacin da ƙasa ta rabu da mu. Na runtse ido, na karanto duk addu'ar tafiya da na sani har da wadda ba ta tafiya ba. Da na buɗe ido kududdufan kifin sun koma ƙanana suna ƙyalli, tsohon kuma yana kwance murfin gorarsa da hannu biyu, ƙafafunsa a naɗe can baya. Na ce to, ƙila sai an zo wurin wuya zai karɓa.

Sun sa min wani abu a kunne mai ɗan bututu a gaban baki, ta nan muke jin juna saboda ƙarar inji. Yaron yana da taswira a naɗe kan cinyarsa, ya ja layi a kai da fensir. Ya ce irin wannan tashin da ido ake yin sa, abin da ke ƙasa shi ne hanya. Ya nuna min kogi, ya ce za mu bi shi ta hannun hagu har mu ga gada mai jan ƙarfe. Muka ga gadar. Ya ce bayanta akwai dogayen bututun hayaƙi guda biyu na masana'anta, can za mu karya. Suka bayyana. Yana duban waje, ya dubi taswira, ya dubi agogo, ya sake duban waje.  Mutum zai iya haddace hanya in an bi da shi sau da yawa.

Abin da ya dame ni shi ne karyawar. Na riga na hango hasken teku a gabanmu sosai, shi kuwa sai ya juya mu dama, muka bi gefe muna nisantarsa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa hawa motar dillali ya san wannan. In direba ya bar miƙaƙƙiyar hanya ya fara zagaye, shagon ɗan'uwansa zai kai ka, ko kuma yana cinye lokaci don kada ka isa inda ka nufa.

Na ce, "Malam, ga teku can. Ina za ka da mu?"

Ya ce, "Alhaji, nan gabanmu ba namu ba ne. Sararin babban filin jirgi ne, manyan jirage ta nan suke gangarowa. Akwai iyaka, daga wancan tsaunin zuwa bakin kogi. Ba a shiga sai an ba ka izini, kuma ko a nan gefen akwai tsayin da ba zan wuce ba."

Na duba inda yake nunawa. Babu komai, iska ce da hasken rana. Wai katanga a sama, wadda shi kaɗai yake gani. Na ce masa ni dai ban ga ko tsuntsu ba, ya ce haka ne, ba a ganinta, a taswira take.

Can sai ya danna wani maɓalli ya shiga magana da Sinanci. Muryar wata mata ta amsa a kunnuwanmu, da sauri, ba gaisuwa. Duk abin da ta faɗa sai ya maimaita mata, kamar ɗan makaranta yana biya karatu. Ya ce min ita ce mai kula da zirga-zirgar jirage na wannan yankin, tana zaune a wani ɗaki tana ganinmu a allo. Ni kuwa ba abin da na tsana a duniya irin a yi Sinanci a kaina ina zaune. Na shekara da shekaru a garin nan amma Sinancina na ciniki ne, nawa ne, rage, na gode, lawban, wato mai gida. Duk lokacin da dillali da mai shago suka koma yarensu a gabana, na san ni ake yankawa. To yau ga yaro, ga tsoho, ga wata murya da ban ga mai ita ba, ni kaɗai ne bare a tsakiyarsu, kuma ba ƙofar fita.

Muka iso bakin teku ta wajen wani farin gini mai fitila a samansa. Ruwan wajen gaɓa ja-ja ne, an jera masa sanduna na masu kiwon kawa, can gaba kuma ya koma kore. Sai ga tsibirin. Ban yi zaton zai ba ni sha'awa ba, amma ya ba ni. Tudu ne kore shar a tsakiyar ruwa, da farin yashi a gindinsa, da ɗan siririn layi a gefe wanda yaron ya ce shi ne titin sauka. Ya ce tsakaninmu da shi akwai wani yanki na sararin nan mai iyaka, tilas mu ratsa ta ciki, kuma an amince mana tun jiya, saura kawai matar ta ce mu shigo.

Ya kira ta. Ta amsa gajere. Ya maimaita, sannan ya kwantar da jirgin gefe muka fara zagaya farin ginin.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce mu jira a nan."

Muka zagaya. Tsibirin ya zo ta tagata, ya wuce, gonaki suka zo, tsibirin ya sake dawowa. Tun ina ƙirgawa har kaina ya fara juyawa na daina. Tsohon ya kurɓi shayinsa. Yaron yana ta duban wata 'yar allura a gabansa, yana duban can ƙarshen teku inda wani farin hazo ya fara tasowa. Na lura ƙeyarsa ta jiƙe da gumi, na riƙe wannan a raina a matsayin shaida, don mai gaskiya a sanina ba ya gumi a inuwa.

Da matar ta sake magana, maganar ta fi ta ɗazu tsawo. Ya tambaye ta wani abu, ta amsa da kalma biyu ko uku. Ya maimaita a hankali. Sannan ya ce, "Alhaji, ba za a ba mu ba. An rufe yankin, ba ta san lokacin buɗewa ba. Za mu koma."

"Saboda me?"

"Ba ta faɗa ba. Ba dole ne ta faɗa ba."

Dariya ce ta fara zo min, ta takaici. Na san wannan ciniki tun kafin a haife shi. A nuna maka samfur ka gani da idonka, ranka ya biya, in ka ce a kawo sai a ce meyo, babu. Amma kuma na san wani abu da duk ɗan kasuwa ya sani: babun farko ba babu ba ce, buɗe ciniki ce. Ban taɓa barin shago a kan meyo ta farko ba. Ana cewa babu, sai ka gyara zama, ka nemi lawban da kansa, ka ambaci nisan da ka taho, kafin ka ankara an shiga ciki an fito da kayan.

Na ce, "Sake kiranta. Ka ce mata babban mutum ka ɗauko, daga nesa ya zo."

"Alhaji, ba a yin haka da su."

"Ka ce ta haɗa ka da na sama da ita."

"Babu wannan a nan."

"To ka yi kamar ba ka ji ba. Rediyo ba ya lalacewa ne? Ka yi ƙasa-ƙasa da ruwa ka wuce, ga shi can kamar in miƙa hannu in taɓa. Wa zai tare ka, ɗan sanda ne a kan gajimare?"

Ya ce man da ya ware na jira ya kusa ƙarewa, sauran na komawa ne, ba a taɓa shi. Ya ce ga hazo yana matsowa, in ya rufe tsibirin ba shi da idon da zai sauka da shi. Ni duk wannan jin sa nake kamar jerin uzurin mai shago ranar da kaya ba su iso ba. A lissafina an shirya komai tun a ƙasa. Yaron ya iya tashi ya zagaya unguwa, bai iya ƙetara ruwa ba, bai iya sauka a ɗan siririn titi ba, aka haɗa baki da wata mata a rediyo ta ce an rufe sama.

Sai na fito masa a mutum. Na ce, "Saurara, yaro. Kai ka ce za ka kai ni tsibirin nan, ba ni na roƙe ka ba. Uban yarinyar nan yana jiran wayata, kuma abin da na ce shi zai yi. In ka juya da ni, na san abin da zan gaya wa Kano."

Har yau in an tambaye ni ko gwada shi nake yi, ba na iya cewa e da gaskiya. Da gaske nake. So nake ya wuce.

 Muka ƙarasa rabin zagaye, hancin jirgin ya zo daidai saitin tsibirin, ba abin da ke tsakaninmu da shi sai fili. Na ga yatsunsa sun matse sitiyari. Tsohon ba ya jin Hausa, amma ya juyo ya dube shi, ya dube ni, ya mayar da kai ga gorarsa, bai kai hannu ko'ina ba.

Yaron ya ce, "Na ji, Alhaji. Ka yi haƙuri."

Ya ci gaba da karya jirgin har tsibirin ya koma bayanmu. Na waiwaya ina kallon wurin da aka hana mu, ina jira in ga abin da aka rufe shi dominsa, ko wani ƙaton jirgi, ko na soja. Ba abin da ya wuce. Har muka yi nisa sararin nan fayau yake, wannan kuma ya ƙara min haushi.

Bututun hayaƙi, gada mai jan ƙarfe, kogi ta hannun dama. Ba wanda ya yi magana sai shi da matar rediyo. Ya sauke mu lafiya, tayoyin suka ɗan yi ƙara suka kama titi, kuma na tabbatar tsohon bai taɓa komai ba, don a kansa idona yake. Na ba shi wannan a raina, amma ban ga ya wanke shi ba.

Abin da na zauna jira shi ne abin da ke biyo baya. Na san mayaudara, ba sa barinka ka tafi da fushi. Wanda ya ce maka meyo yanzu zai jawo wani abu ya ce ga wannan, duk ɗaya ne. Zai kai ka cin abinci, ya cika ka da bayani, ya kira shaidu. Na jira yaron nan ya jawo tsohon ya ce ya faɗa min da bakinsa, ko ya ce mu dawo mako mai zuwa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tura jirgin cikin rumfa, ya goge masa gilashi, ya ciro kular nan mai ruwan shuɗi ya kai but ɗin mota ya tura ta can ciki, ya jefa tsumma a kanta. Sannan ya ce zai shiga ofis ya sanar an dawo.

Yana shiga na buɗe but ɗin. Ba na neman afuwar kowa a kan wannan, bincike aka aiko ni. A saman kular akwai dardumar salla guda biyu sababbi. A ciki akwai dambun zogale a kwano, da gasasshiyar kaza, da cokali biyu. A gefe kuma, cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, goro ne fari manya-manya, irin wanda ake kai wa manya in za a yi magana mai nauyi. Duk wanda ya zauna garin nan ya san wahalar samun goro mai rai. Na mayar da komai yadda yake, na rufe.

A hanya na jira ya ambaci kular. Ko da wasa, ko ya ce ga abinci kada ya lalace. Mun tsaya a gefen wata gona mun yi salla a kan kwali, dardumomi biyu suna but bai ciro su ba, don in ya ciro zan ga sauran. Ya sauke ni a Shahe, ya fito ya durƙusa, ya ce, "Allah ya huta gajiya, Alhaji." Ya ja motarsa ya tafi da goronsa.

Ban kira Kano ranar ba, ban kira washegari ba. Zuciyata ta ce min mai wayo sosai zai iya shirya kula don a gani. Na amsa mata da cewa ai bai nuna ba. Ta ce ƙila ya san halina, ya san zan buɗe. Sai da na je har wurin matar da ke kawo goro daga gida, na yi kamar saye zan yi, na bi ta bayan fage na tambaya. Ta ce wani dogon yaro ɗan Nijar ya daɗe yana yi mata naci ta ajiye masa masu kyau in kaya sun iso, ya ce baffan matar da zai aura zai kai wani wuri. Na fito daga wurinta ina neman wata ƙofar da zargina zai bi, ban samu ba.

Ina cikin wannan sai 'yar yayan nawa ta kira ni. Tunda take ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba, amma na ji ta sha kuka.

Ta ce, "Baffa, me ya faru ranar Asabar?"

Na ce me aka ce mata ya faru.

Ta ce ba a ce mata komai ba. Ya dai kira ta da yamma ya ce ta shirya zuciyarta, yana ganin amsar gidanmu ba za ta zo da daɗi ba. Ta ce masa za ta sa mahaifiyarta ta shawo kan Baba tun kafin Baffa ya kira, ya ce kada ta yi. Ya ce in an ce a'a, a'a ce, ba zai bi ta bayan gida ba. Tun ranar bai sake kiranta ba, wai sai manya sun yi magana.

"Baffa, in wani abu ya yi maka, ka faɗa min."

Na ce mata ta ajiye wayar, zan kira babanta.

Wato tun muna sama, lokacin da yatsunsa suka matse sitiyarin nan, ya yarda da maganata. Bai ɗauke ta barazanar tsoho mai faɗa ba, ya san yarinyar yake ajiyewa da ya juya. Na daɗe zaune a bakin gado da waya a hannu.

Yaya ya ɗauka bugu ɗaya. Ya ce, "Na ji an ce har jirgin ka shiga. Kun je tsibirin?"

"Ba mu je ba."

"Bai iya ba kenan."

"Ya iya. Wata mata ce a rediyo ta ce kada ya wuce."

"Mata? Wace mata?"

"Ban ganta ba. Shi ma bai taɓa ganinta ba."

Na ba shi labarin tun daga sikeli har goro, ban rage abin da na faɗa wa yaron a sama ba. Na ce masa na ɗora 'yarsa a gefe ɗaya, layin da ba a gani a ɗaya gefen, ba kowa a wurin sai ni da wani tsoho mai shan shayi, yaron ya ƙi tsallakawa. Na ce, "Yaya, ka ba shi."

 Ina jin ƙarar babura ta bayansa, da wani yana kiran mai shayi. Can ya ce, "To kai fa? Da kai ne riƙe da sitiyarin, aka ce maka haka?"

Na ce, "Da na wuce."

Ya ce, "Na sani." Sannan ya ce in gaya wa yaron ya turo mutanensa, kuma ya kawo min goron nan da hannunsa kafin ya bushe.